Kalilu na Talabijin da Rumbun Halliru

In ka sauka tashar Isa ka ce Kalilu Sodangi kake nema, za a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Kalilu na talabijin, nan take mutum uku za su miƙe, kowa na rantsuwa shi ya fi kusa da shi. Dogo ne, baƙi, tsagar Gobirawa ta fara shafewa a kumatunsa, kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace saboda shekara ashirin da ta yi tana ɗaukar jakar kyamara. Mutumin kirki ake ce masa, mai faɗin gaskiya. Akwai wasu shekaru uku da in aka faɗi haka a gabansa, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana gyara hular da zaune take daidai.

Ubansa, Malam Sodangi, ma'aunin hatsi ne a kasuwar Isa. Da kaka ta yi, yakan ɗauki jaki biyu ya bi ƙauyuka sayen gero, Kalilu na biye da shi a ƙasa yana zuba kamar an kunna rediyo. A wannan yawon ne ya san ƙasar tun daga bakin gulbi har iyakar Nijar. Malam Sodangi ba ya kwatance da sunan gida. Cewa yake, mu je wajen mai rumbu mai dogon wuya, ko mu tsaya gidan da rumbunsa ya yi ciki gefe guda. Rumbunan ƙasa ne da ake ginawa da laka, kowanne da hannun magininsa da son ran mai shi, ba biyun da suka zama ɗaya. Ɗan manomin wannan yanki yana gane rumbu daga nesa kafin ya gane mai shi, kuma Kalilu ya fi da yawansu iyawa.

Talabijin kuwa a rumfar wani mai shayi ya fara ganinta, baƙi da fari, ana kunna ta da batirin mota. Sauran yara kokawa da wasan kwaikwayo suke jira, shi labarai yake jira. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, wata da watanni ana ambaton garuruwan duniya, har waɗanda bakinsa ba ya iya faɗa, amma ba a taɓa cewa Isa ba. Ya ce shi zai sa ta ciki. Uwarsa ta ce to, bakin nan dai da ba ya rufuwa gara a samar masa aiki.

Ya gama sakandare da ƙyar da jiɓin goshi, ya tafi Sakkwato ya yi karatun aikin jarida, ya shiga wani gidan talabijin mai zaman kansa a matsayin mai ɗaukar ƙafar kyamara. Shekara bakwai yana wannan, ana aikensa sayen ƙosai, ana kiransa Bagobiri ana yi masa dariyar magana. Da aka tashi neman wakilin Isa da Sabon Birni, kowa ya noƙe, don hanyar kaɗai ta isa ta kwance wa mutum ƙugu. Kalilu ya ɗaga hannu tun ba a rufe baki ba. Aka ba shi tsohuwar kyamara da makirfo mai tari, aka ce Allah ya kiyaye hanya. Shi ne mai ɗauka, shi ne mai tambaya, shi ne mai tsayawa a gaba ya yi bayani bayan ya kafa kyamarar ya roƙi jama'a kada wanda ya taɓa.

Kai, shekarun nan sun yi daɗi! Farashin gero, ambaliyar gulbi, kokawar bayan girbi, raƙumin da ya durƙusa tsakiyar gadar Sabon Birni ya hana motoci wucewa tun hantsi har azahar. Abin da ya fito da sunansa wata rijiyar burtsatse ce da wasu manya suka zo buɗewa da kiɗa da maroƙa. Aka yanke ƙyalle, babban baƙo ya murɗa famfo, ko ɗigo bai fito ba. Sauran 'yan jarida suka sauke kyamara don kunya. Kalilu bai sauke ba. Ya ɗauki famfon, ya ɗauki fuskar babban baƙo, ya ɗauki matan da suka zo da tulu suka koma da shi wayam. An dakatar da shi wata guda, amma daga ranar duk ƙasar ta yarda cewa abin da Kalilu ya faɗa haka yake. A shekarar ya auri Mas'uda, malamar firamare, wadda ta ce masa ta aure shi ne duk da bakinsa.

Sai 'yan bindiga suka shigo. Aikin ya tashi daga farashin gero ya koma jana'iza. Mutane suka daina son ganin kyamara, don wanda ya yi magana yau, jibi a zo a tambayi gidansa. Sai gidan talabijin ya fito da tsari: a ɓoye fuskar mai magana da hazo-hazo, a sauya muryarsa ta koma kamar daga cikin rijiya, kada a faɗi sunansa ko na garinsu. Da wannan tsarin Kalilu ya yi ta samun mutane suna buɗe masa ciki, kuma shekara biyu ba wanda ko ƙwarzane ya same shi ta dalilinsa. Ya fara jin kansa, gaskiyar magana ke nan.

Akwai wani ƙaramin ƙauye a bayan Gatawa da ake kira Gidan Jabir, gida bai fi arba'in ba. Bayan girbin wata shekara 'yan bindiga suka zo da raƙuma suka kwashe geron garin, rumbu bayan rumbu, masu shi na tsaye suna kallo. Ba wanda ya ji labarin a waje, don lokacin an katse layukan waya a yankin. Wanda ya kawo wa Kalilu maganar Muntaka ne, wani ɗan kasuwa mai babur da ke safarar sabulu da taliya da dabino tsakanin Sabon Birni da kasuwannin Nijar, mutum mai fara'a da yawan barkwanci. Ya ce kawunsa Halliru, ƙanen mahaifiyarsa, ya ce shi ya gaji da shiru, zai yi magana in za a ɓoye shi. Muntaka ya goya Kalilu a bayan babur, kyamara a cikin buhun taliya, suka isa da hantsi.

Halliru dattijo ne mai kusan sittin, maginin rumbu, hannuwansa duk kanta. Ya tarbe su da fura, ya ɗaga labulen ɗakinsa.

"Mu shiga ɗaka, Malam Kalilu. Waje akwai idanu."

Kalilu ya leƙa, ya ga ɗakin duhu ƙirin, fitilar kyamararsa kuma batirinta ya mutu tun a hanya. Ya juyo, sai idonsa ya sauka kan rumbun tsakar gidan. Babba ne, sumul, rana ta haske shi ja-jawur, an ture murfinsa na kara gefe, cikinsa wayam. A wuyansa an manna murfin kwanon samira guda uku shuɗaye, na matar Halliru da ta rasu. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san abin da Kalilu ya ji a lokacin. Hoton ya riga ya faɗi labarin tun ba a buɗe baki ba.

"Baba, kyamara ba ta gani cikin duhu. Zauna nan gindin rumbu. Huskarka ni za ni ɓoye ta, muryarka in sauya ta. Ka kwantar da hankalinka."

Halliru ya dubi ɗan 'yar uwarsa. Muntaka ya ce, "Kawu, Kalilu na fa. Shi yas san aikinai." Dattijo ya jawo tabarma ya zauna inda aka nuna masa. Ya yi magana ta minti goma sha biyu, ba kuka, ba zagi. Ya faɗi yawan raƙuman, ya faɗi yadda suka sa shi da kansa ya shiga rumbun yana miƙo musu damman da ya noma.

Kwana biyu bayan nan Kalilu yana Sakkwato, a ɗakin tace hoto, tare da editansa Zayyanu. Shi Zayyanu ɗan birni ne, haihuwar unguwar ma'aikata, in ka ajiye masa gero da maiwa sai ya tambaya wanne ne wanne. Amma mutum ne mai taka-tsantsan. Ya sa hazo a fuskar Halliru, ya sauya muryar, sannan ya tsayar da hoton ya nuna da biro.

"Wanga rumbu fa? Mu ɓoye shi shi ma?"

A nan ne. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso, kuma Kalilu bai taɓa iya yi wa kansa ƙarya a kai ba. Ba mantuwa ya yi ba, ba gaggawa ce ta rufe masa ido ba. An tambaye shi, da baki, kuma a cikin ginin nan kaf shi kaɗai ya san amsar. Ya kalli murafen nan uku suna walƙiya. Ya kuma kalli hoton gaba ɗaya, ya ga in aka shafe rumbun ba abin da zai rage sai hazo yana magana.

"Rumbu ai rumbu na," in ji shi. "Akwai dubu irinai ƙasar Gobir."

Rahoton ya fita a labaran ƙarfe bakwai, aka ɗora shi a shafin gidan talabijin, manyan tashoshi suka ɗauka. Aka yi ta kiran Kalilu ana yaba masa. Har motar hatsi biyu aka aika yankin saboda shi. Rana ta shida, bayan la'asar, babura suka shiga Gidan Jabir. Ba su tambayi kowa hanya ba, ba su shiga gidan kowa ba sai guda. Suka fito da Halliru suka harbe shi a tsakar gidansa, suka cinna wa rumbunan garin wuta, suka ce kowa ya tashi. Washegari da safe, Kalilu na karin kumallo a Sakkwato, wata lambar Nijar ta kira shi.

"Kai na ɗan jarida? Mun ga aikinka, ya yi kyawo. Ka ɓoye huska ka bar muna rumbu. Mu munka kwashe geron da ke ciki, mu za mu kasa gane shi?"

Aka yi dariya, aka kashe. Kalilu ya zauna da kofin koko a hannu har ya yi sanyi. Abu na farko da ya yi da ya miƙe, ba wajen mamaci ya nufa ba. Ofis ya je, ya roƙi Zayyanu a cire rahoton daga shafi. Zayyanu ya ɗauka girmama mamaci ne, ya cire, har ya dafa masa kafaɗa. Mutanen Gidan Jabir kuwa ba lantarki gare su ba, ba layin waya, ba ɗayansu da ya taɓa ganin hoton, ko Muntaka bai gani ba.

Ranar addu'ar uku ya je ta'aziyya a wata makarantar firamare ta Sabon Birni inda mutanen garin suka sauka. Maza na zaune a inuwar aji, 'yan sa-kai huɗu na gefe da bindigoginsu na gida a kan cinya. Bayan an shafa fatiha, mai garin, wani tsoho da ake kira Ɗanmusa, ya juyo.

"Malam Kalilu, kai kac ce za a ɓoye huska."

"An ɓoye, ranka ya daɗe."

"Murya fa?"

"An sauya. Ba a hwaɗi suna ba, ba a hwaɗi gari ba."

"To wa yas san ka zo?"

"Muntaka dai yak kai ni."

Ka duba fa, ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Kalilu ya ga yadda idanu suka fara zagayawa, ya ji wani daga baya yana cewa dama shi yana mamakin mutumin da ke ratsa dajin nan da kaya kowane mako ba a taɓa tare shi ba. Jimla ɗaya ta rage ya ƙara, tana nan a kan harshensa. Ya dubi bindigogin nan huɗu, ya tuna 'ya'yansa, ya tuna sunan da ya yi shekaru yana ginawa, ya haɗiye ta. Tsoro ne, da son suna, ba wani abu ba. Ya ce wa kansa gobe in hankali ya kwanta zai dawo ya yi bayani, ya yi sallama ya kama hanyar tasha.

Kafin goben, an tare Muntaka yana dawowa daga Nijar da buhun shinkafar sadakar kawunsa. Infoma, sunan da aka kira shi ke nan, mai kai wa 'yan daji rahoto, kuma a wannan ƙasa ba sunan da ya fi shi saurin kisa. Aka ƙone babur ɗin, aka karya masa hannun dama wuri biyu. Sojojin da ke wucewa ne suka ƙwace shi. Da ya fito daga hannunsu ba a same shi da komai ba, amma wa ya damu? Dangin matarsa suka zo suka tafi da ita da 'ya'yan. Mahaifiyarsa Fatsuma ta rantse a gaban jama'a ba za ta ƙara cin abin hannunsa ba, ba za ta ƙara haɗa ido da wanda ya sayar da ƙanenta ba.

Muntaka ya koma Isa, inda ba a san shi sosai ba, ya kama dako a tasha, yana ɗaure kaya a saman motocin Sakkwato da hannun hagu da haƙori. Wato dai duk ranar da Kalilu zai kai aiki birni, sai ya gan shi. Da ma a ce Muntaka ya riƙe shi a rai, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Da ya hango shi zai taho da gudu, ya karɓi jakar kyamara, ya nema masa kujerar gaba.

"Yallaɓai, kai kaɗai kar rage mai ba ni hannu cikin waɗanda sunka san ni da can. Allah shi saka ma."

Kalilu ya riƙa saya masa tuwo, ya ba shi tsofaffin riguna, ya kai shi wajen mai ɗori har sau biyu, hannun dai ya riga ya kame a lanƙwashe. Kowace kyauta sai Muntaka ya yi godiya, kowace godiya kuma sai ta kwana tana cin Kalilu. A ƙarshen shekarar aka ba shi lambar yabo kan rahotanninsa, aka ƙara masa girma. Mas'uda ta rataye allon a falo, ya sauke ya tura bayan kabad, ta mayar, ya sake saukewa. Ta tambaye shi ko aljanu ne suka shafe shi. Ya rame, ya daina surutu a gida, mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru a ci abinci. Sau uku yana shirya maganar, har ya taɓa isa ƙofar makarantar nan ta Sabon Birni, ya tsaya ya sayi rake ya juya. Kullum da dalilinsa: yau ana zaman makoki, yau 'yan sa-kai sun yi zafi, yau ai abin ya kwana biyu, tono shi sai ya ƙara ɓarna. Haka shekara uku ta wuce.

Wata Laraba da safe, Muntaka ya karɓi jakar kamar kullum, amma bai kai ta mota ba. Ya ja Kalilu bayan rumfar masu faci, ya tsuguna.

"Yallaɓai, alhwarma nika nema. Inna ba ta da lahiya, an ce jikin ya yi nisa. Duk abin da na aika sai shi dawo, ko buɗe ƙullin ba a yi. Ni ba ni tsoron mutuwa, amma kar ta tahi tana hushi da ni. Maganarka tana da nauyi. Ka zo mu tai ka ce mata ba ni na ba."

Kalilu ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa.

"Na san kai ma ba ka san wa yay yi ba," in ji Muntaka da sauri. "Na san ba ka ƙarya. Amma ko ƙarya ta, ka yi mani ita sau guda. Zunubin bisa kaina."

Duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa zagin Kalilu zagin da ya kai wannan roƙo ciwo ba. Ya fasa tafiya Sakkwato. Suka shiga motar Sabon Birni, Muntaka na rungume da leda mai ɗan dabino da madarar gwangwani, yana ta koya masa abin da zai ce: ya ce an yi bincike a birni, ya ce manya sun gano wani ne daban. Kalilu na gyaɗa kai. Ya so ya faɗa masa a hanya, amma mutum goma sha takwas ne a motar, da akuya.

Sun sami Fatsuma a wani ɗakin ara a bayan kasuwa, kwance a tabarma, ta zama ƙashi da fata. Mata biyu na Gidan Jabir na zaune wajenta. Da ta ji sallamar ɗanta sai ta juya fuska bango. Muntaka ya durƙusa daga bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Inna, ga Malam Kalilu na talabijin. Shi ad da magana, ba ni ba."

Kalilu ya cire takalmi ya shiga ya tsuguna. "Inna, ɗanki bai sai da kowa ba. Ni na. Ni nis sa anka kashe Baba Halliru."

Ya hango Muntaka daga ƙofa yana ɗan girgiza kai, alamar ya wuce gona da iri, ƙaryar ba sai ta kai haka ba. Tsohuwar ba ta juyo ba. Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "An gode, Malam. Kirkinka na. Amma ba a yi wa mai shirin tahiya wasa."

Sai ya ciro wayarsa. Hoton na ciki, bai taɓa iya goge shi ba, bai kuma taɓa iya kallonsa ba tun ranar. Ya kunna, ya miƙa ta gaban fuskarta. Muryar nan ta cikin rijiya ta fara magana, hazo na motsi inda fuska take. Bai nuna mata komai a hoton ba. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba tsohuwar ta yunƙura.

"Rumbun Halliru!"

Matan nan biyu suka leƙo, suka ɗauki salati tare. Kalilu ya faɗa musu sauran, bai rage ba: ɗakin da Halliru ya so a shiga, tambayar da Zayyanu ya yi masa da amsar da ya bayar, kiran da aka yi masa daga daji, hoton da ya sa aka cire. Yana magana yana jin idon Muntaka a gefen wuyansa. Da ya waiwaya, ya ga fara'ar nan ta tafi. Mutumin yana kallonsa baki a buɗe, ledar ta zame daga hannunsa.

"Tun yaushe kas sani?" in ji Fatsuma.

"Tun kahin addu'ar ukku, Inna."

"Randa kaz zo ta'aziyya ka sani?"

"Na sani."

Ya jira tsinuwa. Wallahi so yake ta tsine masa, ko ta tofa masa yawu, ko Muntaka ya tashi ya shaƙe shi da hannun da ya rage. Ba wanda ya ko ƙara dubansa. Tsohuwar ta ture matar da ta zo tallafarta, ta zame daga tabarma, ta ja jiki da gwiwa da tafin hannu a kan turɓaya har bakin ƙofa inda ɗanta yake. Muntaka ɗan fari ne, kuma irin matan da ce ita, shekara arba'in da biyar ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai wancan, ko mai babur. Ta kamo karyayyen hannun da hannuwanta biyu, ta kifa goshinta a kai.

"Muntaka. Muntaka, yahe mani."

"Inna, tashi! Don Allah tashi! Inna, ni kika yi wa durƙuso?"

Ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, yana ƙoƙarin ɗaga ta da hannu guda, ya kasa. Matan suka rufu a kansu. Kalilu na tsugune a tsakiyar ɗakin da waya a hannu, muryar Halliru na ci gaba da ba da labarin raƙuma, ya rasa yadda ake kashe ta. Ƙofa ɗaya ce, kuma uwa da ɗa sun cika ta. Dole ya zauna nan ya kalla har ƙarshe.